Kulu Mai Gawayin Ɓuntu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kulu ta rasu.

Yau da safe labarin ya iske ni ina tsakar tuya, tanda bisa wuta, mutane tsaye suna jiran masa. Waya ta yi ƙara, na ga lambar mijinta. Na ɗauka da dariya don na san watan haihuwarta ya kama, na ce, "Malam, mi munka samu?"

Sai ya ce, "Luba, an samu ɗiya mace. Amma sai haƙuri. Uwar, Allah Ya karɓi abinsa."

Ban san sa'ad da na zauna ƙasa ba. Maƙwabciyata mai kunu ita ta sauke mini tandar.

Wanda bai san ta ba, sunanta Hauwa'u, mu Kulu muke ce mata. 'Yar Maiyama ce, tana koyarwa a jami'ar Aliero, ɗalibanta na kiranta Injiniya. Ni kuwa benci ɗaya munka zauna da ita a sakandare. Ita ta wuce gaba da karatu, ni na yi aure na zauna Jega. Da maigidana ya kwanta jinya, na kama tuyar masa bakin tasha don mu ci da yara.

Duk da haka Kulu ba ta taɓa ratsa Jega ba ta tsaya wurina ba. Ta aje mota, ta jawo 'yar kujera, ta zauna cikin hayaƙi da lifayarta mai tsada, ta ce, "Ƙawa, ba ni ta gefen nan mai ƙonewa, ita nake so."

Ran nan ta zo ta iske ina ta murzar ido da bakin zane. Idanun sun yi ja, ruwa na zuba ba kuka ba. Na gaya mata likita ya ce in ban rabu da hayaƙin icce ba, ganina zai tafi. Na ce, "To in bar tuya mu ci mi? Ga iccen ma kullum ƙara tsada yake, kuma ɗanye ake kawo muna."

Ta daɗe tana kallon murhuna.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ta da buhu a bayan mota. Ta kwance, na ga wasu baƙaƙen curi kamar dawo. Ta ce ɓuntun shinkafa ne da totuwar masara, irin wanda ake tarawa bayan injin casa a cinna mai wuta. Ta turara shi cikin duro har ya zama gawayi, ta daka, ta kwaɓa da kokon rogo, ta cura da hannunta ta shanya.

Na ce, "Kulu, shara za ki ba ni in yi tuya da ita?"

Ta ce, "Ke dai gwada. In ta ƙi, ni na saye ƙullun."

Ta ƙi kuwa. Curin ya wargaje cikin murhu, wutar ta mutu da masa bisa tanda, hayaƙi ya turnuƙe har direbobi na tambayar wa ke ƙona taya. Ranan mutanena duk wurin wata sunka sayi abin kari. Na yi fushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, don gida babu ko cefane.

Da rana sai ga kabu-kabu ƙofar gidana da shinkafa da mai da maganin maigidana. Ita ta aiko. Ta bugo waya ta ce, "Ƙawa, laifina ne. Hannu ba ya matse shi yadda ya kamata. Inji muke so."

Ta bincika ta ga akwai injunan waje masu yin wannan aiki, amma kuɗinsu ko ƙauye duka aka haɗa ba a saye, kuma sai da lantarki. Ta ce injin da ke jiran wutar nefa ba namu ba ne. Sai ta kama sintiri wurin Malam Sani mai walda nan Jega. Ta zo da zanenta, shi ya zo da ƙarafansa. Tsohon jek na mota, guntayen fayif, da ƙarfen gadon da aka yar. In ta taso aiki nan take yada zango, ta tsaya kansa da baƙin tabarau, tartsatsi na tashi, maza na wucewa suna kallo.

Wasu har cewa sunka yi boko ya taɓa mata kai. Mace da digiri tana bin bayan injin casa tana kwasar ɓuntu.

Ta ji. Dariya kawai ta yi.

An daɗe ana wannan fama. Wani injin ya karye, wani ya matse har curin ya ƙi fita, wani curin ya fito da kyau ya ƙi kama wuta. Duk wanda aka yi, murhuna ne wurin gwaji. Sai dai daga ranar farko ba ta sake bari na gwada da ƙullun sayarwa ba, nata take sa a kwaɓa mini daban.

Ranar da abin ya yi, ba zan manta ba. Wutar ta kama ja wur, ba hayaƙi, ba tartsatsi. Na zuba ƙullu, masa ta tashi. Na juya, na sake zubawa, wutar na nan yadda take. Na ɗaga kai na ga Kulu ta rufe baki da gyale tana hawaye.

Na ce, "To, yau ke ce mai ruwan ido."

Tun daga nan ban sake sayen icce ba. Idanuna sunka washe. Wannan rubutu ma da nake yi, ni nake ganin haruffan da kaina, ba wanda ke karanta mini.

Akwai wani Alhaji da ya zo ya ce ta sayar mai da fasahar, ya buɗe kamfani, kada kowa ya sake ƙera irinta sai shi. Gabana aka yi. Ta gode mai cikin ladabi, ta ce, "Alhaji, ka buɗe kamfaninka, zan ma taya ka. Amma duk maƙerin da ya zo wurin Malam Sani ya ce a nuna mai, sai an nuna mai. Don matan ƙauye na yi shi."

Haka injin ya shiga Alelu, ya shiga Kimba. Mata su haɗu su kaɗan, su sayi guda, su yi na girkinsu su sayar da saura.

Ganina da ita na ƙarshe a Giwa Tazo ne, cikin watan da ya wuce. Ta ce in raka ta ta koya wa matan garin aiki da injin, wai matan sun fi yarda da mai tuya bisa ga mai allo da alli. Cikinta ya yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura har takalmin ba ya shiga. Na ce ta haƙura sai ta sauka. Ta ce an gama girbi, in ba a je yanzu ba kara da ɓuntun duk wuta za su sha.

Bisa turmi ta zauna tana nuna musu. Wata tsohuwa ta zo ta kama hannun injin ta danna, ya ƙi motsi. Ta ce, "Ɗiyata, wanga abu na masu ƙarfi ne. Ni da ka tafiya daji neman icce da wanga baya nawa, ni ya kamata ya ji tausai."

Mata sunka yi dariya. Kulu ba ta yi ba. Ta tashi da ƙyar ta riƙa hannun tsohuwar, sunka danna tare. Nan take ta kira Malam Sani ta ce a ƙara wa hannun tsawo, a rage mai tauri.

Munka kamo hanyar dawowa. Da munka kusa Jega ta dafa gwiwata ta ce, "Ƙawa, kin ga haihuwa ta matso. Mu yafi juna. Har masar da na ɓata miki."

Na ce, "Kai Kulu, bar wagga magana. Na yafe duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini."

Ta ce, "Ba ki yi mini komai ba sai alheri." Ta sauke ni bakin tasha, ta ɗaga mini hannu.

Shi ke nan.

Ɗazu na dawo daga Maiyama. An kai ta makwancinta kafin azahar. Ina zaune kusa da Inna, mahaifiyarta, sai ga mota a-kori-kura ta tsaya ƙofar gida cike da mata. Wata ta biyo ta. Daga Alelu, daga Kimba, daga Giwa Tazo. Wasu ko hannu ba su tsaya wankewa ba, baƙin gawayi har gwiwar hannu, daga wurin aiki labarin ya iske su. Gidan ya kasa ɗaukarsu, aka shimfiɗa tabarmi har waje.

Inna ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Luba, waɗanga duka wa sunka sani nan gidan?"

Na ce, "Kulu, Inna."

Ta ce, "Ni da nike mata faɗa kullum ta bar yawon kwasar shara ta zauna ofis awa kowa." Sai ta fashe da kuka. Ta sa aka miƙo mata jaririyar, ta ce a zagaya da ita kowace ta sa mata albarka. Haka aka yi, hannu zuwa hannu, har farin zanen da aka naɗe ta ya yi baƙi.

Ya Allah, ga baiwarKa Hauwa'u ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka karɓi rasuwarta a matsayin shahada. Duk macen da ta huta da wahala ta dalilinta, Ka sa ladan ya riƙa isar mata. Ka raya ɗiyar da ta bari, Ka ba mijinta da Inna haƙurin rashinta. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, kada ya wuce bai yi mata addu'a ba. Ku sa ta cikin sujadarku, ku sa da jaririyar da ba za ta san fuskar uwarta ba.

Allah Ya jiƙanki, ƙawata.