Yaya Kuang da Ƙwayar Ƙura

Shekara goma sha bakwai ke nan teburina yana jingine da na Yaya Kuang a gindin gadar masu ƙafa, bakin kasuwar kayan lantarki ta Huaqiangbei, a birnin Shenzhen. Ni ina turara baozi, ƴan curin fulawa masu cushen nama da masu cushen kabeji, ita kuma tana manna leda a fuskar wayoyi da kwamfutoci.

Kada wani ya ce ƙawance ne ya haɗa mu. Tururina ta biyo. Ranar da ta iso daga ƙauyensu na lardin Hunan, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ga ƴarta Xiaotong ƴar shekara tara riƙe da gefen rigarta, sai da ta zagaye gadar nan sau biyu tana ɗaga hanci, sannan ta dire teburinta har yana gogar madambatan gorana.

Na ce, "Ke, duk faɗin Shenzhen ba ki ga wuri ba sai kan cinyata?"

Ta ce, "Tururinki yana kwantar da ƙura. Ci gaba da dahuwarki, ba ruwana da ke."

Na yi wata guda ban ce mata uffan ba. Ita ko a jikinta.

Ledar waya ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, cewa take kowane malalaci ya iya. Abin alfaharinta shi ne ledar kashe ƙyalli ta kwamfutar tafi-da-gidanka. Ma'aikatan dogayen benayen nan masu bangon gilashi su ne mutanenta. Rana na haska musu allo, su wuni suna ƙanƙance ido, yamma ta yi musu da ciwon kai. Sai su sayi ledar su manna da kansu, ta fito musu da kumfa kamar fuskar mai ƙyanda, sannan su tuna da Yaya Kuang. Ledar tana da faɗi, kuma da zarar an ɓare bayanta sai ta dinga jawo duk wata ƙura da ke yawo a iska. Ƙwaya ɗaya ta shige ƙarƙashi, kumfa ta tashi a wurin, mai kwamfuta ya yi ta kallonta har ya tsufa.

Tana da dokokinta, kuma ba ta sassauta wa kowa. Hular wanka a kai, ruwan hoda, wadda duk kasuwa ke yi wa dariya. Hannun riga a naɗe, damtse a jiƙe. Ba a yi mata magana tana aiki. Sai ta shirya komai ta ce, "Pang, buɗe," ni kuma in ɗaga murfin madambaci, tururi ya lulluɓe mu, ta kwantar da ledar a cikinsa. Babbar dokar ita ce ta ƙarshe: babu mai taɓa kwamfutarsa sai ita ta rufe murfin da kanta ta miƙa masa da hannu biyu. Kafin nan aiki bai ƙare ba. Na taɓa ganin ta make hannun wani mai taye da bayan burushi, mutumin da aka ce ma'aikata ɗari biyu ne a ƙarƙashinsa.

Da wannan teburin ta kai Xiaotong jami'a. Yarinyar ta gama, ta samu aikin zanen gine-gine a birnin Changsha, ta kama gida a hawa na ashirin da wani abu, har da ɗakin da ta ce na uwarta ne. Yaya Kuang ta je ta kwana huɗu ta dawo. Ta ce ɗakin yana da kyau, amma mutum zai wuni a ciki ba wanda zai zage shi, ba wanda zai zaga.

Ni na fara lura da idonta. Bara ne, lokacin damina. Sai na ga idan ana mata magana tana karkata kai, tana kallon mutum ta wutsiyar ido kamar kaza. Na ce wuyanta ne ke ciwo? Ta ce in ji da kabejina. Sai da na ja ta asibiti da tsiya. Likita ya ce tsakiyar ganinta ne ke dushewa, gefe-gefe zai saura, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. A hanyar dawowa ta riƙe min hannu, ta matse har ya yi min zafi.

"Idan Xiaotong ta ji, daga bakinki ne. Kuma sai na kifar da madambatanki a kwata."

Ban faɗa ba. Amma wata Talata haƙorina ya matsa min, ban fito ba, ba tururi, ga masu fasa titi suna ta tayar da ƙura a tsallake. Da wata ce da ta naɗe tabarmarta ta koma gida. Yaya Kuang ta karɓi kwamfutar wani saurayi ta manna masa, ta miƙa da hannu biyu. Kumfa uku a tsakiyar allo, ba ta gan su ba. Ya dawo yana kumfar baki, ya ɗauke ta a waya da hularta ta wanka, ya watsa wa duniya yana cewa ga gwanar da ake yabo. Ta sake masa wata. Na ji haushin yaron nan har yau, kuma na ji haushin haƙorina.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, sai ga Xiaotong da jakar goyo. Ta gaishe ni, "Goggo Pang, ina kwana," amma gaisuwar ba ta da gishiri. Ta tsaya dab gaban teburin uwarta. Yaya Kuang ta ɗago ta ce, "Waya ce ko kwamfuta?"

Yarinyar ta juyo ta kalle ni. Na shiga gyara wutar da ba ta lalace ba.

"Mama, ni ce."

"Na sani mana. Wasa nake miki. Kin ci abinci?"

"Tun yaushe ba kya gani?"

"Wa ya ce ba na gani? Ga shi ina ganin kin rame."

Xiaotong ta ciro waya ta nuna tikitin jirgin ƙasa guda biyu, na ƙarfe huɗu na yamma. Ta ce ta riga ta yi magana da mai ɗakin da uwar ke haya, kaya kuma mota za ta biyo da su. Ta ce ba za ta zauna a ofis abokan aiki suna tura mata hoton uwarta ana mata dariya ba. Kowa a gindin gadar nan ya san abin da tafiyar ke nufi. Idan ka ɗaga teburinka na sati ɗaya, wani ya dasa nasa, kuma ba a dawowa.

Yaya Kuang ta ce, "Ashe kunyarki kika zo wankewa."

"Mama, haba! Mota za ta buge ki wata rana a titin nan."

"Shekara goma sha bakwai motocin nan suna nema na ba su samu ba. In bi ki in yi me? In zauna a sama kamar tukunyar fure, ki dinga zuba min ruwa safe da yamma?"

"Aikin ne ba za ki iya ba kuma. Kowa ya gani."

Nan fa ta taɓo inda ba a taɓawa. Yaya Kuang ta karkata kai tana kallon jakar goyon.

"Kwamfutarki na ciki?"

"Tana ciki."

"Wadda kike min ƙorafi a waya cewa taga na haska miki ita? Fito da ita. In kika samu kumfa ɗaya bayan na miƙa miki, ko da ta kai girman kan allura, na bi ki Changsha, ki kulle ni a ɗakin furen. In ba ki samu ba, ki mayar musu da tikiti ɗaya."

Xiaotong ta yarda nan take, don ta tabbata ta ci. Ni ma, gaskiya, haka na zata. Kwamfutar irin ta masu zane ce, mai faɗi kamar faranti, allonta yana sheƙi har kana iya tsefe kai a ciki.

Yaya Kuang ta sa hula, ta jiƙa damtse. Ta goge allon da ƙyalle sau uku, daga nan ta naɗe salatef a yatsu ta bi shi tana dangwalawa layi-layi, daga sama har ƙasa, ba ta tsallake ko'ina ba. Da can inda ta ga ƙura kawai take dangwala. Yanzu tun da ba ta gani, sai ta ɗauka ko'ina akwai. Masu sayar da caja da kwasfar waya suka fara matsowa.

Ta ce, "Pang, buɗe. Duka."

"Duka? Na ƙasan ba su nuna ba, yanzu na ɗora su!"

"Na ce duka."

Baozi ba ya yafe wa wanda ya buɗe shi bai nuna ba, take yake lotsewa ya yi tauri kamar roba. Na kalli madambatai shida na cinikin rana, na zage ta a zuci, na ɗage su duka. Tururi ya turnuƙe gindin gadar har ba na ganin ƙafata. A cikinsa na hango ta tana laluben gefen allon da farcen babban yatsa, ta daidaita bakin ledar, ta shiga ɓare bayan a hankali tana bin ta da kati. Idonta ma a rufe yake. Ba wanda ya yi tari.

Tururi na washewa, allon ya fito dishi-dishi, hoton gadar da fitilun da ke bayyana a cikinsa duk ya ɓace. Xiaotong ba ta jira ba. Ta fizge kwamfutar ta fita da ita cikin rana, ta karkata ta nan, ta karkata ta can. Na bi bayanta ina leƙe. A kusurwar ƙasa ta hagu na gan ta: kumfa ɗaya ƴar mitsitsiya, da ƙwayar ƙura a tsakiyarta. Na san yarinyar ma ta gani, don ta daina karkata kwamfutar.

Ta daɗe a tsaye. Ta juya ta kalli uwarta a kan ƴar kujerar roba, da hular wanka, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta miƙe wuya tana fuskantar wajen da ba nan muke ba. Sai na ga Xiaotong ta ɗora babban yatsanta a kan kumfar.

Ta ce, "Babu komai, Mama. Kin ci."

Mutane suka fara tafi. Ni har na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, an rabu lafiya.

Yaya Kuang ta ce, "Kawo nan."

"Na ce kin ci."

"Muryarki ta ƙarya ban manta ta ba, da ita kike cewa kin yi aikin makaranta. Kawo nan. Wa ma ya ba ki izinin ɗauka? Na rufe? Na miƙa miki?"

Ta karɓe ta ta ajiye. Ta ɗora tafin yatsunta a kan ledar, tana shafawa a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sama, tsakiya, ƙasa. A kusurwar hagu yatsan ya tsaya.

"Ga ta nan. Wannan kika ɓoye min?" A fusace ta ci gaba. "Ni za ki ji wa tausayi? Yaron can da ya zage ni ya fi ki girmama ni, shi ya faɗa min gaskiya. Pang, akwai sauran tururi?"

Na ce, "Kin kashe min baozi, tururi kuwa sai wanda kika gani."

"Ƙara wuta."

Na ƙara. Ta manna salatef a kusurwar ledar ta ɗaga ta kaɗan, ta zura wani guntun a ƙarƙashi, ta dangwala sau biyu, ta zare, ta kwantar da ledar da kati. Ta sake shafawa, wannan karon har sau biyu, gefe zuwa gefe. Sannan ta rufe murfin, ta miƙe tsaye, ta miƙa da hannu biyu.

"Yanzu duba. Kuma in kika sake min ƙarya, ba ke ba cin barkonon da na jiƙa miki."

Xiaotong ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta buɗe a cikin rana ta duba, ta ba ni na duba, har mai caja ya sa tabarau ya duba. Ba komai. Rana na dukan allon tsaye, amma ba ya mayar da ita.

Ba a yi doguwar sallama ba. Uwar ta ciro kwalbar barkono daga ƙarƙashin tebur ta cusa mata a jaka, ta ce ta daina zama da taga a bayanta, leda ba ta maganin wauta. Yarinyar ta ce za ta dinga zuwa duk ƙarshen wata, kuma ba shawara take nema ba. Ta matso ta raɗa min cewa in kira ta ko da tuntuɓe uwar ta yi. Na ce to, na kuma san wannan karon zan kira, ko da madambatan za su kwana a kwata.

Xiaotong ta hau matakalar gada. A tsakiya ta tsaya ta juyo, ta ɗaga hannu. Yaya Kuang tana fuskantar gadar, kanta a karkace, tana nema.

Ta ce a hankali, "Ta juyo?"

"Ta juyo. Tana ɗaga miki hannu."

Ta ɗaga nata sama sosai, ta riƙe shi a can.

"Kuka take yi?"

"Tana yi."

Ta sauke hannun, ta gyara zaman hularta, ta laluba ta ɗauki ƙyallenta. Wani mutum yana tsaye gaban teburin da kwamfuta a hammata tun ɗazu.

Ta ce, "Bar ta, za ta daina. Ɗora wasu, Pang, aiki ya zo."