Tabon da Ya Ƙi Yin Zufa

Har yau ban manta da ranar da Sista Ladi ta sa wani dattijo ɗiban ruwa da tsakar rana ba. A shekarata ta biyu da kama aiki ne, cikin bazara, a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Argungu. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiya, ga sabuwar takardar shaida ga sabon takalmi, ina jin babu ciwon fatar da zai sha mini kai. Ita Sista Ladi 'yar Filato ce da ke zaune a Birnin Kebbi, ita ke duba aikin tarin fuka da kuturta a yankinmu. Duk Talata take zuwa. Ba ta dariya, ba ta kuma faɗa.

Dattijon sunansa Baba Manu, masunci ne, da hannunsa yake saƙa tarunsa. Ya zo da tabo a bayan kafaɗa, faɗin tafin hannu, ya fi sauran jikinsa haske. Ya ce ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, matarsa ce ma ta gani ta matsa masa ya zo.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, irin wannan tabo ko dai kyasbi ne, wanda man shafawa ke kashewa, ko kuma farkon kuturta. Kuturta tana cin jijiyoyin da ke cikin fata, sai wurin ya daina jin taɓi. Idan an kama ta tun tana tabo, magani kyauta ne, wata shida ko shekara mutum ya warke sarai. Idan an bar ta, sai ta sauka a yatsu. Shi ya sa ake gwaji da auduga: majinyaci ya rufe ido, a taɓa shi, ya nuna inda aka taɓa.

Ni kuwa sai na ƙara da nawa salon. Duk taɓawar da na yi sai in ce, "Baba, ka ji?" Shi kuma ya ce, "Awo, na ji." Sau takwas na tambaya, sau takwas ya ji. Na rubuta kyasbi da manyan baƙaƙe, na miƙa masa man shafawa, har ina yi masa nasiha a kan wanka.

Sista tana kusurwa tana cika rajista, ban ma san tana saurare ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce wa Baba Manu randar asibiti ta ƙafe, ko zai taimaka ya ciko mana jarka biyu daga famfon tsallaken hanya. Wallahi kunya ta kama ni. Na miƙe na ce ni zan je, ta ce in zauna.

Ya dawo yana haki. Ta sa ya cire riga, ta kira ni in duba. Bayansa duk ya jiƙe sharkaf, zufa na gangarowa, amma tabon nan a bushe yake ƙayau. Ko gashi ɗaya babu a kansa. Ta ce mini ƙananan maɓuɓɓugan zufa da ke ƙarƙashin fata jijiya ce ke ba su umarni, inda jijiya ta mutu su ma sai su ajiye aiki. Sannan ta miƙo mini audugar ta ce in sake, amma in rufe bakina.

Baba Manu ya rufe ido. Na taɓa tsakiyar tabon, shiru. Na taɓa gefe, shiru. Sai da na taɓa sau shida, sannan ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ka fara mana. Ina da taru cikin ruwa."

Na tambaye shi me ya sa ɗazu yake cewa ya ji. Ya ce ya ga ina ta ƙoƙari, ga uwar ɗakina zaune, bai so ya ba ni kunya ba.

Da aka gaya masa sunan ciwon, bai tambayi ko zai mutu ba. Tambaya biyu ya yi: ko yatsunsa za su ci gaba da riƙe taru, da kuma wa zai sayi kifi a hannunsa in labari ya fita. Sista ta ce ta farko magani zai amsa ta. Ta biyu kuwa, ya riƙa zuwa duk wata da kwandon kifi kamar mai talla, maganin ya koma gida a ƙasan kwandon. Haka aka yi. Wata shida muna cin ragon ruwa, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku sani mutanenmu ba ƙarya suke yi wa ma'aikaci ba, kara suke yi masa. Saura kaɗan karar da Baba Manu ya yi mini ta ci yatsunsa, ni kuma in tafi gida ina jin na iya aiki. Tun daga ranar ban sake ce wa majinyaci "ka ji?" ba.

Yana nan da ransa a Argungu. Duk lokacin da muka gaisa nakan riƙe hannunsa in ƙirga yatsun, goma cif. Ya san ƙirgawa nake yi, amma bai taɓa nuna ya sani ba.