Baba Akawu da Fiyanon Katako

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Baba Akawu ya san yatsunsa ba sa hutawa. Kana magana yana buga maganarka a kan gwiwarsa, harafi bayan harafi, kamar har yanzu yana gaban tafiretarsa a sakatariya. In layi ya cika a ransa sai ya ce "ting", irin kukan 'yar ƙararrawar nan ta tafireta, ya ɗaga hannun hagu ya ture iska gefe, ya ci gaba. Ku mutanen Bolewa ba sai na gaya muku ba. Da yawanku kun sha wannan hannu a kafaɗa a wurin ɗaurin aure, akwai ma wanda hularsa ta tashi a zaman makoki. Ni ranar da aka kawo ni gidan a matsayin matar ɗansa, na durƙusa ina gaishe shi da 'yar muryata, ya buga gaisuwar tawa kaf, ya ce ting, sannan ya amsa. Na koma ɗaki, na tambayi maigidana ko laifi na yi. Ya ce a'a, fayil aka buɗe min.

Da aka yi masa ritaya, tafiretar ba ta biyo shi gida ba, wai kayan gwamnati ce. Sai yatsu suka rasa wurin zuwa. Inna, surukata, ta gwada ba shi ɓarar gyaɗa, ya mayar da faifan tafireta, gyaɗa ta watse, kaji suka yi biki. Ana nan wata rana ya ga talla a tsohuwar jaridar da aka naɗo mana ƙosai a ciki: wai mutum zai iya koyon fiyano a gidansa, ta gidan waya, ba tare da malami ba. Ni dai na tabbata ba kiɗan ne ya ja shi ba. Baba bai taɓa kunna rediyo don waƙa ba. "Ba tare da malami ba" ɗin nan ita ta kama shi, don a duniya ba abin da ya tsana kamar a ce masa ga yadda ake yi.

A lokacin ni hankalina ba ya kan kiɗan kowa. 'Yata ta fari, wadda aka sa wa sunan mahaifiyar Baba, an yaye ta da daɗewa, tana gudu, tana hawa turmi, amma ba ta taɓa furta komai ba. Ko "mama" babu. Da baki ba na kiran sunanta, kun sani, amma tunda alƙalami ne zan rubuta Uwani. Sa'anninta na unguwa har sun iya rashin kunya, ita sai dai ta kalle ka da manyan idanu. Kuma 'yar fari ce, a gidan surukai nake. Ba dama in nuna damuwa, ba dama in ɗauke ta in rungume a gaban mutane. In mata sun ce a yi mata rubutu, ko a duba ƙasan harshenta, sai in yi kamar da 'yar maƙwabta suke. In na shiga madafi kuwa sai in tafa hannu a bayanta in ga ko za ta waiwayo. Tana waiwayowa. Sai in ce to ji tana ji, me ya riƙe bakin?

Kayan karatun Baba suka iso: littattafai, da kaset-kaset, da wata doguwar takarda da aka zana haƙoran fiyano a kai, farare da baƙaƙe. Fiyanon kansa babu, ashe mutum shi zai nemi nasa. Baba bai ga abin damuwa ba. Ya sa na dama masa sitaci, ya manna takardar a kan wani tsohon katakon benci, ya ɗora a teburi ƙarƙashin bishiyar maina, ya ce makaranta ta buɗe.

Kullum bayan la'asar sai ya saka gilashinsa ya zauna. Doka ta farko: kowa ya yi shiru. Ba daka, ba tankaɗe, ba kiran kaji. Mu zauna tsit, babban mutum yana danna katako, ba abin da ke fita sai ƙwas-ƙwas ɗin farce. In ya kai ƙarshen layin waƙa a littafi sai ya ce ting, ya ture iska, ya koma farkon na ƙasa. Wata rana Inna ta yi tari, ya juyo ya ce ta ɓata masa wurin da ya fi ko'ina daɗi. Inna ta ba shi haƙuri, ta ce ita ma wurin ne ya shaƙe ta.

Ni ya fi tambaya, don ya san ba zan iya musu ba.

"Saude, yaya kika ji na yau?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ya yi daɗi, Baba."

"Ƙarya kike. Sau biyu na taɓa baƙi a wurin fari."

Daga ranar na koyi cewa, "Da sauƙi dai, Baba, amma na jiya ya fi." Sai ya gyaɗa kai ya ce yarinyar nan tana da kunne.

Kaset ɗin kuma muryar wata Baturiya ce. Tana buɗe baki da gaisuwa, Baba zai tsayar da rikoda ya amsa mata a tsanake, ya tambayi gida da yara da gajiya, sannan ya sake kunnawa. Ya ce ba ta da tarbiyya, ba ta jiran a amsa, amma ta san aikinta. Bai taɓa bari rikoda ta mayar da kaset baya da kanta ba, wai cin batir ne. Biro yake zurawa ya yi ta juyawa, har zufa ta keto masa. Batiran kuwa kullum da safe ni ke shanya su a kan akurki tare da kuɓewa, in rana ta yi tsaka in juya su. Har yau in na ga batir sai in ji kamar in duba ko ya bushe.

Maigidana direban babbar mota ne a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Kunya ta ishe shi, don a tasha har an fara tambayarsa ko tsohonsa ya fitar da sabon kaset. Sai ya sayo masa ɗan fiyano na hannu, mai amfani da batir, ya kawo ya ajiye a gabansa. Baba ya ƙirga ramukan batir ɗin, ya yi salati. Ya ce abin da ke cin abincin rikoda uku a zama ɗaya ba kayan kiɗa ba ne, baƙo ne. Ya yarda zai riƙa dannawa, amma a kashe, sai ya gama littafi na ɗaya. Muka tashi daga katako mara sauti muka koma roba mara sauti. Inna ta ce ci gaba ya zo gidanmu.

Maƙwabcinmu Malam Yohanna, malamin firamare, shi ke kaɗa musu fiyano a cocinsu. Da labari ya kai masa sai ya shigo da kyakkyawar niyya. Ya zauna ya kalli yatsun Baba, ya yaba saurinsu, sannan cikin ladabi ya ce a fiyano ba a ture komai in layi ya ƙare, kuma ba a cewa ting.

Baba ya miƙa masa littafin. "Nuna min inda aka hana."

Malam Yohanna ya buɗa gaba, ya buɗa baya, ya ce gaskiya ba a rubuta ba.

"To ka gani. Wanda ya rubuta littafi bai hana ba, sai kai da ka koya da ka."

Bawan Allah ya zauna har aka gama darasi, hannu a haɓa. Da zai fita ya ce wa Inna tunda yake bai taɓa sauraron makaɗin da kunnensa bai kama masa kuskure ko ɗaya ba sai yau.

Mutum ɗaya ce Baba ya yarda ta zauna kusa da teburin: Uwani. Yakan ɗora ta a kan benci a damansa, inda hannun ba ya kaiwa, ya ce, "Uwata ce kaɗai mai ladabi a gidan nan. Ba ta taɓa katse ni ba." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, sannan in shiga madafi in ce hayaƙi ne ya shiga min ido. Ita kuwa sai ta kafa wa yatsunsa ido. Na lura in ya kusa ƙarshen layi takan ɗaga gira, in ya ce ting sai ta sauke. Ban gaya wa kowa ba, kada a ce na cika sa ido a kan 'yar fari.

Ranar da ya gama littafi na ɗaya, Baba ya sa aka share tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi. Ya kira Malam Yohanna, wai ya zo ya ƙaru. Aka yi dace wata gwaggon maigidana ta zo daga Danchuwa. Tun kafin a zauna ta dubi Uwani ta ce, da ƙarfi yadda har zaure za a ji, ai wannan bebiya ce, a daina wahalar da kai, a karɓi abin da Allah ya bayar. Ni ina tsugune ina zuba ruwa a kofuna, na cika ɗaya har ya malala a kan ƙafata. Baba ya buga maganar tata a gwiwa, amma bai ce ting ba. Ya dai ce a kawo batir.

Na kwaso su daga kan akurki da zafinsu. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya kamar mai sallama da 'ya'yansa, ya yi bismilla, ya kunna, ya danna.

Jama'a, abin da ya fito! Kun san yatsun da suka yi shekaru suna dukan tafireta ba lallashi suka iya ba. Kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin garwa. Kaji suka bar gidan. Malam Yohanna ya runtse ido yana motsa baki, ina jin addu'arsu yake yi. Baba kansa ya firgita, don shi a ransa wani abu dabam yake ji duk watannin nan. Amma taurin kai ya hana shi tsayawa. Ya ja layin nan da ƙyar har ƙarshe, ya ɗaga hannun hagu, ya tsaya da shi a sama, baki buɗe, yana kallon fiyanon kamar wanda aka ci amanarsa. Ting ɗin ya maƙale.

Uwani ta ɗaga gira. Ta jira. Ta dubi bakinsa, ta dubi hannun. Sai muka ji wata 'yar murya, a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba:

"Ting."

Inna ta dafe ƙirji. Ni kofin da ke hannuna ban san inda ya tafi ba. Ina so in yi tsalle in ɗauke ta, ga surukai, ga baƙi, sai na tsinci kaina ina goge tabarmar da ba ta jiƙe ba.

Baba ya sauke hannunsa a hankali, ya dubi littafi ta saman gilashi, ya dube ta.

"Uwata, kin makara. Akawun kirki ba ya barin layi yana jira." Sannan ya juya wajen gwaggo ya ce, "A gyara maganar ɗazu, akwai kuskuren bugu."

Ya kashe fiyanon, ya zare batiran ya miƙo min, ya ce a mayar da su rana, abin nan a lalace aka sayo shi, katakonsa ya fi shi murya. Bai ƙara kunna shi ba har ya bar duniya.

Amma ga abin da na gani, ni da aka ce ina da kunne. Daga ranar Baba ya daina cewa ting in Uwani na kusa. Sai ya kai ƙarshen layi ya ɗaga hannu ya jira, ko da za a kira magariba. Da ta ƙware, sai mantuwa ta kama shi. Ya nuna buta ya ce, "Uwata, miƙo min wannan, me ma ake ce mata?" Ya yi ta kame-kame, mutumin da ya san sunan kowane dagaci a ƙasar nan. Yau ya manta buta, gobe hula, jibi ya manta sunan Inna. Ta yi ta cike masa, rabi-rabi, har bakin ya buɗe. Na taɓa yin ƙarfin hali na durƙusa zan yi masa godiya. Ya ce godiyar me, shi tsufa ne ke damunsa, in tashi in juya batir.

Littafi na biyu bai kai rabinsa ba ciwo ya kwantar da shi. Yana kwance ma yatsun na tafiya a kan bargo. Uwani kuwa yanzu sai an roƙe ta take yin shiru, Inna ta ce duk bashin maganar da ta ci sai ta biya mu da riba. Ranar sadakar Baba, liman ya yi doguwar addu'a a ƙofar gida, muna jiyowa daga ciki. Ya kai ƙarshe, aka shafa, wuri ya yi tsit. Sai ga muryarta daga cinyar Inna: "Ting." Mata suka rasa ko dariya za su yi ko kuka, aka haɗa duka biyun. Ni a ranar ban ji kunyar kowa ba, na jawo ta na rungume.

Katakon yana nan a ɗakin Inna, takardar ta fara ɗagowa a gefe, na sake dama sitaci na manna.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, farare da baƙaƙe. Yadda ya zauna ya jira yarinyar nan da hannu a sama bai gaji ba, ya Allah ka karɓe shi da irin wannan haƙurin, ka haskaka kabarinsa, ka hutar da yatsun nan. Amin.