Ranar da Kwamfutar Hajiya Ba Ta Tashi Ba

Kwamfutocin da ma'aikatanmu ke aiki da su ba a ofis suke ba. Suna can cikin manyan injinan wani kamfani, haya muke yi, kowa ya shiga tasa ta intanet daga gida. A da kwana suke a kunne, kuɗi na ta zuba. Ni aka sa na gyara tsarin: in mutum ya tashi aiki tasa ta mutu, in ya dawo ya sa lambar sirrinsa ta kunna kanta.

Ba wanda ya tsani wannan gyara kamar Hajiya, wata dattijuwa 'yar Kumasi mai shigar da bayanan marasa lafiya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu wasu jihohi, ita kaɗai ce a ɗakinta a unguwar Concourse Village. Takan kira ni ta ce, "Ɗana, wannan computer naka shina barci ya fi jariri. Sai na gama shayi kafin shi buɗe ido." In ce, "Hajiya, a yi haƙuri, tsimi muke." Ba ta taɓa yarda ba.

A allona kwamfutar da ke kunne kore take nunawa, wadda ke kashe toka-toka. Ta Hajiya ce ke fara yin kore kullum, don da ta idar da sallar asuba take zama aiki.

Wata Talata hantsi ya yi, ta kowa ta yi kore, tata shiru. Ba ta ɗauki hutu ba. Na kira wayarta ba a ɗauka ba. Na hau jirgin ƙasa daga tashar Fordham Road, na je ginin da take zaune, na roƙi mai kula da shi ya buɗe ƙofarta. Muka same ta a ƙasa kusa da madafa, ɓarin jikinta ya shanye, idonta a buɗe.

Ta rayu, amma ba ta koma aiki ba. Da na je dubiya asibiti ta tambaye ni, da ƙyar maganar ke fita, yadda aka yi na sani. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ashe akwai mai duba ni a garin nan."

Na riƙe hannunta mai lafiyar har ma'aikaciyar jinya ta ce lokacin dubiya ya ƙare.