Baba da Giyar da Ta Shekara a Ganga

A garinmu, can bayan duwatsun Jos, ba a neman auren 'yar mutum da baki kawai. Dangin saurayi kan kawo tulun burkutu su dire a gaban uban yarinya, su yi ta hirar damina da dankali kamar ba abin da ya kawo su. In uban ya sha, ya bayar ke nan. In ya ture ƙoƙon gefe, sai kowa ya nemi takalminsa. Ban taɓa gaya wa saurayina wannan ba, don Bature ne haifaffen jihar North Carolina ta Amurka, Babana kuma dattijon coci ne da rabonsa da giya tun ranar baftismarsa. Na ɗauka al'adar ba za ta samu biza ba.

Baba ya zo Greensboro bikin gama karatuna ne, a ƙarshe-ƙarshen shekarun casa'in, ya sauka a ɗan gidan da nake haya a unguwar Glenwood. Tun a mota daga filin jirgi na gaya masa maganar auren, don ni ba na iya riƙe magana ta kwana. Ya leƙa taga ya ce, "Titinsu da kyau." Duk lokacin da na sake tayar da zancen, sai ya yabi wani abu: famfo, bas, ciyawar maƙwabta. Ranar komawarsa na matsowa, ni kuwa na riga na yi wa kaina alkawari ba zan yi aure ba sai da yardarsa. Mama ta rasu, shi kaɗai ya rage mini.

Ran Lahadi bayan sujada saurayin nawa ya gayyace mu cin abincin rana a gidansa da ke Pleasant Garden. Kafinta ne, mai sanyin hali har yakan ba ni haushi. Na riga na yi masa karatu: kar ya miƙa komai da hagu, kar ya ƙura wa Baba ido, kar ya kira shi da sunansa. Duk ya haddace. Abu ɗaya na manta, shi ne gangar da ke garejinsa.

Mutumin nan yana dafa giya a gida, don a lokacin ba a sayar da mai ƙarfi irin wadda yake so a jihar. Ya samo wata 'yar tsohuwar gangar katako da aka taɓa ajiye wuski a ciki, ya zuba baƙar giya, ya sa mata kwakwa da cakulan da banila mai ƙamshi, wai yana son ta fito da ɗanɗanon kek ɗin da kakarsa ke yi. Tun muna sabon sani nake jin labarin gangar nan har na ƙosa.

Muna gama cin kaza, wadda Baba ya ceto da yajin da ya zaro daga aljihu, sai ga shi ya fito da kwalba da 'yan ƙananan kofuna uku. Da hannu biyu ya ajiye ɗaya a gaban Baba, har da rusunawa, yadda na koya masa. Baba ya dubi kofin, ya dube ni, na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya gane, ya kuma san na gane. Mai giyar ne kawai bai san ya aiko da kansa neman aure ba.

"Mene ne wannan?" in ji Baba. "Baƙin man mota?"

Na fassara bayanin kamar yadda aka ba ni, har na zo inda aka ce ta shekara a ganga.

"Shekara?" Baba ya riƙe haɓa. "A gida burkutu in ya kwana biyu ya zama na aladu. Tambaye shi, ba shi da abokai ne?"

Ban tambaya ba. Na ce Baba yana mamakin launinta.

Baba ya ɗaga kofin ya kai hanci. Sai bawan Allahn nan ya ɗaga hannu ya ce a dakata tukuna, wai ta yi sanyi da yawa, a bari sanyin ya ɗan ragu ƙamshinta ya fito. Baba ya ajiye kofin, ya tura shi gefe da yatsa ɗaya. Da akwai muciya kusa, da a ranar an fasa auren ba tare da an wahalar da Baba ba.

Don in samu abin yi da hannuna, na kurɓi nawa. Kauri gare ta kamar zuma. Da farko zaƙi ya cika mini baki, kwakwa da ƙonannen sukari, sai ɗaci ya biyo baya, sannan wani zafi ya gangara ƙirjina ya zauna kamar ya biya haya. Idona ya kawo ruwa. Baba yana kallona yana jin daɗi.

"Tambaye shi," ya ce, "duk tsawon shekarar nan bai taɓa buɗewa ya sha ba?"

Wannan kam na tambaya. Saurayina ya yi dariya ya ce kullum ya shiga garejin yakan ɗan ƙwanƙwasa gangar ya wuce. In ka dame ta, in ji shi, ba za ta yi daɗi ba.

Baba ya gyara zama. Can ya jawo kofin gabansa, ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina ƙarama, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata. In sha?"

Wasa ya ƙare daga muryarsa.

"Ki yi tunani," ya ce. "Abin da ya shiga cikina ba ya dawowa. Nan ba bayan gida ba ne da za ki ɗauko akwati ki taho in an ɓata miki."

Tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa. Sai a lokacin na ga nisan da ke tsakanin teburin nan da ƙofar gidanmu. Na dubi mutumin da ke zaune yana jiran a yabi giyarsa, da 'yar kumfa a gashin baki.

Na ce, "Sha, Baba."

Ya rufe ido kamar mai addu'a, ya kurɓa sau ɗaya, ya haɗiye. Fuskarsa ta yamutse, ya yi tari, ya nemi ruwa.

"Ya ji daɗinta?" saurayina ya tambaya, har yana tasowa daga kujera.

"Gaya masa," in ji Baba yana share ido, "an ɓata kek, an ɓata giya. Amma wanda ya iya zama da abu mai zafi irin wannan shekara guda bai dame shi ba, zai iya zama da ke. Na sha."

Na buɗe baki in fassara, kuka ya riga ni. Da ƙyar na iya cewa, "Ya ce ya sha."

Har yau mijina yana gaya wa baƙi cewa surukinsa, wanda ba ya shan giya, ya sha wadda ya dafa don tsabar daɗinta. Baba ya daɗe da rasuwa, ni kuma ban taɓa gyara masa labarin ba.