Wilin Motar Baba

Mutanen layin gareji ne suka raɗa masa Tsami, kuma ba su zalunce shi ba. Mutum ne da in ka gaishe shi sai ya duba tayar motarka kafin ya amsa, in ya ga ta suɗe ya ja tsaki ya kau da kai. Tun yana saurayi yake sayar da taya da wili a shagon da ya gada wajen babansa, har furfura ta cika masa kai. Ya san aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu, amma da wuya mutum ya fita daga shagon nan bai kwashi baƙar magana kyauta ba.

A bangon shagon akwai wili biyar a rataye, masu wayoyi siri-siri kamar na keke, kullum a goge suna ƙyalli. Duk wanda ya yi kuskuren tayawa sai ya yi da-na-sani. A tsallaken titi kuma, daidai inda idon Tsami yake sauka in ya zauna a bencinsa, garejin ƙaninsa Auta yake, mai walda da gyaran jikin mota. A ƙofar garejin akwai wata tsohuwar jar mota irin ta tseren nan, mai dogon gaba, ƙasa-ƙasa, tana zaune a kan bulo shekara da shekaru. Wilin da ke bangon Tsami nata ne.

Motar babansu ce, kuma kujera biyu kawai gare ta. Daga nan tsiyar ta faro. Suna yara, Tsami ne yake durƙusawa da tsohon buroshin haƙori yana bin wayoyin wilin ɗaya bayan ɗaya, in ya gama sai Baba ya ɗauki Auta ya sa a gefensa su tafi shan iska. Shi kuma a ce masa, "Kai babba ne, tsare mana shago." Ya tsare, amma bai yafe ba.

Da Baba ya rasu aka yi rabon gado, mota ta faɗa hannun Auta, shago da duk abin da ke cikinsa ya zama na Tsami. Sai aka yi rashin sa'a, ko kuma sa'a, wilin suna cikin shagon a lokacin, domin Tsami ya ciro su zai ɗaure wayoyin da suka saki. Auta ya aiko a karɓa. Tsami ya ce a je a gaya masa, abin da ke cikin shago na mai shago ne. Tun ranar ba sa ga-maciji da juna.

Wani zai ce to, Auta ya je ya sayi wasu mana. Ai nan gizo yake saƙa. Wilin motocin yanzu da ƙananan notuna ake ɗaure su, ita kuwa wannan kowane wili a kan wata gajeriyar sandar ƙarfe mai haƙora yake shiga, a bi shi da ƙaton noti guda a tsakiya, a buga da guduma. Irinsu sun ƙare a kasuwa tun Auta bai fara aske gemu ba. Ya yi dabarar mai walda, ya haɗa faranti na ƙarfe ya ɗora wilin zamani a kai, sai wilin ya turo waje, taya ta riƙa cin bakin madigadi, wato ƙarfen jikin mota da ke rufe saman taya. Ya nemo ƙananan tayoyi, cikin motar ya kusa taɓa ƙasa. Duk gwajin da ya yi Tsami yana kallo daga bencinsa, yana kaɗa ƙafa, ransa fes.

Yayarsu ce kaɗai take shiga shagon ba ta jin tsoron bakinsa. Wata rana ta zo da yamma, ta ƙi zama.

"Kai dai ba ka ji kunya ba," in ji ta. "Ka tsufa kana gadin ƙarfe. Me za ka yi da su, a kabari za a sa maka?"

"Yaya, shi ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To in yana so, ƙafarsa ba ta karye ba. Titi ɗaya ne tsakaninmu."

"Shi ma abin da ya ce ke nan. Ku biyun Allah ya shirye ku."

Gaskiyar magana, Tsami yana son motar nan fiye da yadda yake son mutane da yawa. Ya san kowane lungu na jikinta. In ruwan sama ya sauko Auta bai rufe ta da tampol ba, ranar ko abinci ba ya masa daɗi. Abin da yake jira bai taka kara ya karya ba: Auta ya tsallako da ƙafarsa, ya ce, "Yaya, zo ka ɗaura mata wilinta, ka tuƙa mu." Amma da ya faɗi haka da bakinsa gara ya haɗiyi ƙusa.

Maimakon haka, da yayar ta juya za ta fita, sai ya biyo ta bakin ƙofa, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Ki gaya wa mai waldan nan ya daina wahalar da kansa! Babu wilin da zai zauna wa motar nan sai dai in ya datse haƙoran ya yanke madigadin. In ya isa ya yanka mu gani!"

Masu shagunan kusa suka yi dariya. Auta yana tsaye da sandar walda a hannu, sai ya juya ya daɗe yana kallon motar.

Washegari da hantsi Tsami yana cikin faɗa da wani direba a kan tayar da ya cika wa iska fiye da ƙima, sai ya ji ƙarar injin yankan ƙarfe. Ƙarar ba baƙuwa ba ce a layin, amma wannan daga ƙofar garejin take fitowa. Ya leƙa. Auta ne a durƙushe gefen jar motar, tartsatsin wuta yana tashi, ga wasu ƙattin wili masu faɗi an jingine a bango da tayoyinsu kamar na motar yashi.

"Ƙarya yake," Tsami ya ce wa direban da bai san abin da ake ciki ba. "Barazana ce. So yake in zo."

Ya koma ya zauna. Ƙarar ta tsaya, ya saki numfashi. Ta sake tashi. Ya miƙe, ya zauna, ya zagi direban har mutumin ya tafi da tayarsa. Sai da ya ji wani abu ya faɗi ƙasa da nauyi sannan ya taka benci, ya sauko da wili ɗaya daga bango. Ya gangara da shi titi yana turawa, motoci suna masa hon, duk layin an bar aiki ana kallonsa.

Da ya isa, madigadin gaba duka biyun an yanke musu baki, jan fentin ya ƙone ya yi baƙi. Sandunan nan masu haƙora guda huɗu suna yashe a ƙasa cikin ƙurar ƙarfe. Tsami ya sunkuya ya taɓa ɗaya, zafi ya sa ya janye hannu.

"Allah ya isa," ya ce. "Motar Baba ka yi wa haka? Kai ba mutum ba ne, mahauci ne."

Auta ya kashe injin, ya ture gilashin walda zuwa goshi. Idanunsa sun yi ja, ko hayaƙi ne ko wani abu, Tsami bai tambaya ba.

"Shawararka na bi, Yaya. Kai ne masanin taya."

"Ga shi na kawo! Ba ka gani ba? Sauran ma suna nan, a ɗauko!"

Auta ya dubi wilin, ya dubi inda haƙoran suke a da, yanzu sai dungulmin ƙarfe.

"A ina zan ɗaura shi?" ya ce. "Koma da abinka, ka rataye. Yanzu kam naka ne kai kaɗai, babu mai sake tambayarka."