Ƙwayar Baba Tanimun da Ruwan Randa

Dogo mai shagon bakin tasha maƙaryaci ne. Shi ya ce wa Baba Tanimun, tsohon direban motar siminti ta Malbaza, wai lemun kwalba marar sukari yana tura magani cikin jijiya. Tsohon yana fama da makyarkyata, ciwon da likitoci ke kira Parkinson. Ya yarda, har ya rage ƙwayarsa tunda ga lemu. Iyalinsa suka ƙara tasu wautar: wai ba a shan magani ciki babu komai, sai su dama masa fura da nono ya haɗiye ƙwayar. Hannu ya ƙi tsayawa. Tuwo yana zuba a rigarsa, ya daina ci gaban mutane, ya soma ramewa.

Wadda ta tsaya masa ita ce Wasila, ma'aikaciyar ɗakin shan magani na ƙauyenmu, kusa da Tsarnawa, wadda za ta ajiye aiki bana. Kullum da safe takan share ɗakin, ta auna jarirai, sannan ta bi gidajen tsofaffi a ƙafa. Ko sannu ba ma yi mata.

Wata safiya maƙwabta suka ji ta a zauren Baba Tanimun.

"Baba, wa ya ce ka sha ƙwayarka da lemun nan?"

"Dogo na, ɗiyata. Ya ce babu sukari ciki."

"Kananzir ma babu sukari ciki, Baba. Ban san abin da zaƙin nan ke yi wa ƙwayarka ba, Dogo ma bai sani ba. Likitan Konni da ya rubuta maka ita cewa ya yi da ruwa, kafin abinci. Nono da nama suna tare mata hanya, a jinkirta su."

Surukarsa ta ce raini ne a miƙa wa dattijo ruwan randa tsura. Wasila ta riƙa zuwa kowace safiya tana shan harara, ta ɗebo ruwan da kanta, ta tsaya har ya haɗiye.

Wasila, ke ce ba ki ji kunyar faɗin abin da ba ki sani ba, a garin da duk mai firji ya zama likita. Ciwon bai warke ba, ba ki kuma ce zai warke ba. Amma da idona na ga Baba Tanimun wurin suna yana kai loma bakinsa. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku masu jinyar tsofaffi, ku yi koyi da ita, ku tambayi wanda ya rubuta maganin.

Dogo kuwa, mai gari ya tsayar da shi ƙofar masallaci ranar Juma'a ya ƙaryata kansa, aka tashe shi daga bakin tasha.